Galan ɗin Yaya

A gidanmu na unguwar Nakkasa, a Makka, ba a taɓa furta kalmar giya ba. Ni kaina, da aka sani da baki a duk unguwar, ban taɓa faɗinta a gaban Inna ba. Abin da muke cewa shi ne, "Ciwon Yaya ya tashi." Da an faɗi haka kowa ya gane, sai a ja labule a rage murya.

Mu uku ne a gidan. Inna, mahaifiyarmu, wadda ta taho da mu daga Kano muna ƙanana ta zauna a Makka ba ta koma ba. Yaya, wanda ya ba ni shekara shida, tela ne, shagonsa ɗaki ne a ƙofar gida. Sai ni, bazawara, na dawo gida bayan aurena ya mutu, ina tuwo da miyar kuka ina sayar wa leburori, lokacin aikin Hajji kuma in sauka da kuloli wajen alhazai. Gidan yana can saman dutse inda mota ba ta hawa. Tukunyar gas, buhun shinkafa, marar lafiya, gawa, duk a kafaɗa suke hawa, a kafaɗa suke sauka. Wanda yake ƙasa bai san abin da muke ciki ba, mu ma ba mu so ya sani.

Yaya yana da ido, wannan kam ba a ja masa. Sau ɗaya yake kai zare bakin allura ya shige. Yana yin surfani a wuyan riga, alhazan Najeriya su hawo dutsen nan suna haki don su ba shi aiki. Da aka gama babban agogon nan na kusa da Harami, daga rufin gidanmu yake karanta shi. Inna ta daina tambayar kowa lokaci, sai dai ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ƙarfe nawa?" Ya leƙa ya faɗa mata har da mintoci. Ni in na duba, kore-kore kawai nake gani. Ya yi ta tsokanata yana cewa idona na ganin laifin mutane ne kaɗai. Ni kuwa ban taɓa raga masa ba. In ya ce in zauna sai in tashi, da ya ce kada in auri wancan mutumin sai da na aure shi. Tun muna yara haka muke.

Kowa ya san babu giya a Makka. Ba kanti, ba mashaya, ba lungun da za ka ce ga ta. Amma akwai kolonya, turaren nan mai ƙanshin lemo da ake tsiyaya wa baƙi a hannu bayan an ci abinci. Kowace baƙala, wato ɗan kantin unguwa, tana da shi a jere kusa da sabulu. Shi Yaya yake saya ya gauraya da lemon kwalba ya sha. Ban san ranar da ya fara ba. Na dai san cewa da na dawo gida na tarar da shi yana ƙanshi kamar wanda ya fito daga walima, safe da yamma. Matan dutsenmu sun san wannan ƙanshin. In namiji ya wuce ki da hantsi yana ƙanshin lemo, ba daga biki yake ba.

Ba ya duka, ba ya zagi, in faɗi gaskiya. Kuka yake yi. Ya zauna a gaban keken ɗinki yana hawaye yana kiran sunan unguwarmu ta Kano, shi da ya bar ta yana ɗan shekara tara. Wani lokaci ya ɓata yadin mutane, in bi dare in bi rana ina ba da haƙuri. Abin da ya kai ni bango shi ne wata Juma'a. Ya kwanta a kan matakalar unguwa, barci ya kwashe shi, mutane suna saukowa za su masallaci da fararen kaya suna tsallake shi ɗaya bayan ɗaya. Inna tana kallo ta taga. Ba ta yi kuka ba, ta dai saki labulen ta koma ta zauna, ranar ko ruwa ba ta sa a bakinta ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga shagonsa na kwashe kwalaben da ya shanye, na cika buhun shinkafa da su, na ɗora a kai na nufi ƙaramin masallacinmu bayan la'asar. Dattawa suna zaune a ƙofa. Ban yi sallamar kirki ba ma, na juye buhun a gabansu. Ƙarar kwalaben nan har yau tana kunnena.

Na ce, "Baba, ku duba. Hannun baƙi nawa aka wanke da wannan? Kun san masu sha, kun san masu sayarwa, kuna zaune kuna jan carbi!"

Liman ya ce, "'Yar nan, yi a hankali, rufa wa ɗan'uwanki asiri."

Na ce, "Wane asiri ya rage, bayan duk kun tsallake shi ranar Juma'a?"

Kafin mako ya zagayo suka kira masu baƙala uku na gefenmu suka yanke magana: ba a ƙara sayar wa namiji kolonya ya tafi da ita. Mace kaɗai, ita ma ƙaramar kwalba, kuma sai wadda aka san gidansu. Wanda ya saɓa, unguwa ta daina sayayya a wurinsa.

Mai baƙalar da ke kusa da mu, wani dattijo mutumin Yaman, ya tare ni washegari ina sayen albasa. Ya ce, "'Yar'uwa, na ɗauke kwalaben, shi ke nan. Amma mai sha ba zai daina ba don na share kanta. Zai nemi wani abu, kuma wani abun ba ni zan sayar masa ba." Na ce masa cinikinsa yake kuka, ba ɗan'uwana ba. Na faɗi abin da ya fi haka ma, na kwashi albasata na tafi ina jin kaina a sama.

Makonnin farko dutsen ya yi tsit. Mata suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. Wata ta kawo mini turmin atamfa, ta ce mijinta ya daina, kuma wallahi ya daina ɗin, har yau. Sai sauran abubuwan suka fara fitowa. Wata maƙwabciyarmu ta fito da kumburarren ido, mijinta ya aike ta baƙala ta ƙi zuwa. Wasu mazan suka riƙa sauka gari neman kwalba, aka tare wasu a hanya da ita a jiki da takardun zaman da suka mutu, aka tasa ƙeyarsu zuwa gida Najeriya. Matar ɗayansu ta daina gaishe ni, in ta hango ni sai ta tofar da yawu gefe. Na ce oho, ai ba ni na aike shi ba.

Yaya kuwa ya kwana uku yana rawar sanyi a tsakiyar zafin Makka. Hannunsa yana karkarwa, allura ta gagare shi. Ko kallona ba ya yi. A kwana na huɗu ya tashi ya yi wanka, ya ɗauki farin galan irin na zamzam, ya sauka bayan la'asar. Kafin magariba ya hawo da shi cike a kafaɗa.

Inna ta ce, "Daga ina?"

Ya ce, "Harami na je, Inna."

Wayyo, farin cikin da na gani a fuskar tsohuwar nan! Ta ɗaga hannu sama tana godiya, ta shafa kansa kamar yaro. Washegari ta bi gida-gida tana faɗa wa mata cewa Allah ya shiryi ɗanta, yanzu ba ya shan komai sai zamzam. Da ta ce ya zuba mata, sai ya ce wannan na shago ne, yana taɓa shi da hannun man keke, zai kawo mata nata daban. Ya kuwa kawo. Daga nan galan biyu yake hawowa da su, na Inna ya ajiye a ɗakinta, nasa ya tura ƙarƙashin teburin keken ɗinki.

A Makka ba mai tare mutumin da ya ɗauko galan ɗin zamzam. 'Yan sanda ba sa kallonsa, dattawa suna yi masa sannu, yara suna ba shi hanya a matakala. Ba Yaya kaɗai ba, mazan dutsenmu da dama suka zama masu zuwa ɗibar zamzam a watannin nan, mu kuma mata muna ta hamdala. Ƙanshin lemo ya ɓace daga jikinsa, sai na kanumfari da yake taunawa. Na ga idonsa yana ja, na ce rashin barci ne. Na ji shi yana kukan nan nasa a shago, na ce tsohon hali ne bai gama sakinsa ba. Ina da hanci, ina da ido, amma na fi son nasarar da na ci. Wata biyar muka yi a haka.

Wata safiya ya fito yana dafa bango. Ya yi amai a tsakar gida, ya ce kansa zai fashe, cikinsa yana murɗawa. Inna ta ce ya hau sama ya sha iska, na riƙe shi muka hau. Daga ƙasa ta yi tambayarta ta kullum, "Kai, ƙarfe nawa?" Ya juya wajen agogon ya tsaya. Ya murza ido ya sake dubawa.

Ya ce mini a hankali, "Ke, an kashe agogon ne?"

Na ce, "Wa zai kashe shi? Ga shi can."

Ya ce, "Fari nake gani. Kamar an watsa mini fulawa a ido."

Inna ta ji. Ta ce in yi maza in ɗauko zamzam ɗinsa na shago a wanke masa ido, tunda nata ya yi ƙasa. Na sauka na jawo galan daga ƙarƙashin tebur, na buɗe murfin. Warin da ya buge ni irin na masu fenti ne, abin nan da suke wanke buroshi da shi. Gabana ya faɗi. Na tsaya riƙe da murfin. Sai na mayar na rufe, na kulle shagon, na shiga ɗakin Inna na tsiyayo ragowar nata na kai sama. Ta wanke masa ido tana addu'a.

Da ta sauka ɗora ruwan zafi na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Yaya, Allah ya isa. Me ka sha? Wa ya ba ka?"

Ya ce wani mutum ne a bayan dutse yake haɗawa, ba ya tambayarsa da me. Wanda ya sha jiya sabon haɗi ne.

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ya damƙe hannuna. Ya ce, "Don girman Allah kada ki kai ni. Za su kira 'yan sanda. Bulala ce da gidan yari, sannan su kore ni, iƙamata, takardar zamana, ta tafi. Wa zan tarar a Kano? Kuma Inna za ta ji. Ki ba ni zuwa gobe, maye ne, zai sake ni."

Na amince. Na dafa masa madara, na jiƙa tsamiya na ɗura masa, abin da muke yi wa mai maye ke nan a dutsenmu. Na ce wa Inna zazzaɓi ne ya hau masa kai. Na rufe tagogi don ya ce haske yana sukar sa. Na yi tuwona na sayar kamar kullum. Duk lokacin da na leƙa na tambaye shi, sai ya ce da sauƙi. Yini guda cur na zauna a kan abin da na sani.

Washegari da sassafe yana numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu, na ɗaga hannuna a gaban fuskarsa bai ƙifta ba. Nan na saki ihu. Maza huɗu suka naɗe shi a bargo suka sauke shi matakalar nan, irin saukar da ake yi wa gawa, Inna tana biye tana salati ba takalmi.

A asibiti likitan, wani dogo mutumin Sudan, ya haska masa ido ya ɗebi jini, ya juyo wajenmu. Da Larabci ya yi tambaya, Inna kuwa tana jin Larabci sarai. Ya ce, "Ya sha wani abu? Turare, ko wani haɗi? Ku faɗa mini gaskiya, magani ya danganta da wannan."

Inna ta miƙe tsaye ta ce, "Ɗana? Wata biyar ba abin da yake sha sai zamzam. Tambayi duk unguwarmu."

Likitan ya dube ni. Ni mai bakin nan, wadda ta juye kwalabe a gaban liman, na sunkuyar da kai ina kallon tayil. Ya sake tambaya, ban ce uffan ba. Sai da aka kira azahar Inna ta tafi wajen sallar mata, na bi shi da gudu a baranda na faɗa masa komai.

Ya ce, "Tun yaushe idon ya fara?"

Na ce, "Tun jiya da safe."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ce kawai, "Da jiyan kika kawo shi." Ya juya yana kiran ma'aikata, suka tura gadon Yaya wajen wankin jini. Na zauna ina jiran 'yan sanda. Na jira ranar, na jira washegari, duk takalmin da na ji a baranda sai in ɗaga kai in duba. Ban san abin da likitan ya rubuta a takardarsa ba, amma ba wanda ya zo. Abin da muka ji tsoro har muka ba da yini guda saboda shi, bai ko leƙo ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Ransa ya tsira, idon bai dawo ba. A makon nan aka sauke wani maƙwabcinmu a bargo, shi bai hawo ba, iyalinsa suka ce zuciya ce. Shi ma mai zuwa ɗibar zamzam ne. Mai haɗin ya ɓace daga bayan dutse. Dattawa ba su janye maganarsu ba, ba su kuma sake tayar da ita ba. Mai baƙala, da na je sayen gishiri, ya tambayi jikin Yaya, ya yi masa addu'a, bai ƙara ko kalma ba. Na so ya ce ai na faɗa miki, in samu wanda zan zaga. Bai ba ni wannan damar ba.

Ban ce kolonya magani ce ba. Da ta ci gaba da cin hanjinsa, wataƙila ita ma ta kashe shi wata rana. Matar da ta ba ni atamfa har gobe tana cewa na ceci gidanta, kuma ba ƙarya take ba. Na sha juya maganar nan ina tuƙa tuwo, in ga na yi daidai, kafin in kwashe in ga ban yi ba. Amma zancen buhun kwalabe daban, zancen yinin nan daban. A kan yinin nan ba ni da abin cewa.

Inna ta ci gaba da wanke masa ido da zamzam kowace safiya har ta rasu. Ni nake sauka in ɗebo. Tana cewa jarrabawa ce daga Allah, kuma ba ta taɓa canza maganar ba. Sai dai galan ɗin shago, wanda na juye a masai na jefar tun ranar da muka dawo daga asibiti, ba ta taɓa tambayar inda ya shiga ba. Matar da in cokali ɗaya ya ɓata sai an kwashe gidan. Ta kuma daina tambayar kowa lokaci.

Yaya ya koyi yin kalmasa da lalube. Surfani ya tafi, amma bakin zani da ƙafar wando yana yi da hannu, a miƙe kuwa. Kowace safiya nakan zura masa zare a allurai, in jera su a jikin ƙaramin matashi, fari a dama, baƙi a hagu. Ni da yake yi wa dariyar ido, sai na laƙaba tabarau nake iya zurawa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. Bai kuma ƙara sha ba. Duk ruwan da aka miƙa masa sai ya shinshina kafin ya kai baki, har zamzam.

Da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen gefenmu, alamar za a rusa, muka samu ɗaki biyu a unguwar Zahir. Ana gobe za mu tashi, da yamma, ya ce in hau da shi sama. Na zaunar da shi a inda ya saba, na ɗauko matashin allurai don in gama na gobe kafin in ɗaure kaya. Ya juya fuskarsa daidai wajen agogon, bai kuskure ba.

Ya ce, "Ranar nan da kika durƙusa kina ce mini Allah ya isa, ina ganin ki, kin sani? Dishi-dishi, amma ina gani. Kin haɗe rai kamar kullum. Fuskar da na tafi da ita ke nan."

Ya yi 'yar dariya. Ni kuwa sai fushi ya taso mini, don ni in abu ya yi mini ciwo faɗa nake yi.

Na ce, "Ai kai ka ce kada in kai ka! Kai ka riƙe mini hannu kana haɗa ni da Allah!"

Ya ce, "Ni na ce."

Ya lalubi gefen tabarma. Can ya ce, ba da zafi ba, da muryar tsokanar nan tasa, "Tun da aka haife ki ba ki taɓa jin maganata ba. Sai ranar."

Na cire tabarau na goge da gefen mayafi, na mayar, na sake kai zaren bakin allura. Sau huɗu ina kaiwa yana kaucewa.